Me Ya Sa Ba Ki Kawo Shi Da Wuri Ba?

Ina jin babu tambayar da aka fi yi wa mata a ɗakunan shan magani na ƙasar Burkina kamar wannan da na sa a kan rubutun nan. Ana yin ta da Faransanci, ana yin ta da yaren Mosi, da Jula, da Fulatanci, in an dace da ma'aikacin da ya ji Hausa a yi ta da Hausa. Ko da wane harshe aka yi ta, amsar ɗaya ce: matar ta sunkuyar da kai, ta gyara ɗaurin zane, ta yi shiru. Mu da ke tsaye a gefe kuwa sai mu ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Abin da nake so mu duba tare, mai karatu, shi ne ko daidai muke yi. Idan yaro ya kwana uku da zazzaɓi a gida kafin a kai shi likita, ya rasu ko ya tashi da nakasa, a wuyan wa alhakin kwana ukun nan yake?

Ni ba likita ba ne. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne ina da babur a layin da babura ba su da yawa, kuma duk mai babur a irin unguwarmu ya san bugun ƙofar ƙarfe biyun dare. A Zangoetin aka haife ni, tsohon zangon Hausawa na tsakiyar Wagadugu, inda daga ƙofar gidanmu mutum kan taka da ƙafa zuwa babban masallaci da kasuwar Rood Woko, asibitin Yalgado Ouédraogo ma ba wani nisa ba ne. A 2003 aka rushe unguwar tare da maƙwabtanta don shirin ZACA. Masu takardun gida aka ba su filaye a Ouaga 2000 da Nioko, 'yan haya irinmu kowa ya kama gabansa. Mu muka faɗo Zongo, yamma da gari ta wajen hanyar Bobo, a yankin da ba a yanka filaye ba. A takarda muna cikin birni. A zahiri gidajen laka ne da lunguna da kwazazzabai, ruwa sai an turo a baro, kuma rabin maƙwabtana ƙauye suka baro, wasu don neman abinci, wasu kuma 'yan shekarun nan rashin tsaro ya koro su daga wajajen Djibo da Barsalogho, inda ɗakunan shan magani da yawa suka rufe. Saboda haka idan na yi maganar uwar karkara, ba daga nesa nake hangen ta ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Mu buɗe kwana ukun nan mu ga abin da ke cikinsu, don mai tambayar yakan ɗauka babu komai a ciki sai zama.

Ranar farko jikin yaro ya yi zafi. Uwa ta taɓa shi, ta duba bakinsa, ta ce ko haƙori ne. Ta kwance bakin zane ta ba da dala biyar ko goma a sayo mata farasitamol wajen mai tallar magani a faranti, ta raba ƙwaya ta jiƙa a cokali. Zafin ya sauka, yaro ya kama nono, har ya yi wasa. A nan ne mutane ke cewa ta yi wauta, ni kuwa ina ganin ta yi lissafi irin wanda kowa ke yi. Wannan matar ta ga zazzaɓi sau ashirin a jikin 'ya'yanta da ƙannenta, sau goma sha tara ya wuce da kansa. Abin da ba ta da hanyar sani shi ne farasitamol zafi kawai yake saukewa, ƙwayar cutar cizon sauro tana nan tana fasa jini, kuma a jikin yaro ɗan shekara biyu irin wannan zazzaɓin yana iya juyewa ya zama mai kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. A ido, zazzaɓi na ashirin bai bambanta da sha taran da suka wuce ba. Shi kansa majo, mai karatun shekaru, sai ya ɗiga jini a kan abin gwaji ya jira minti goma sha biyar kafin ya rarrabe.

Rana ta biyu zafin ya dawo, kuma a nan ne zancen ya fita daga hannunta. Zuwa likita yana buƙatar abu uku: izini, kuɗi, da abin hawa. A yawancin gidajenmu babu ko ɗaya daga cikinsu da ke wurin mace. Maigida ya fita tun asuba, ko yana wajen haƙar zinariya, ko yana Abijan, wayarsa ba ta shiga. In ya samu, amsar da ta fi yawa ita ce, “A bari mu ga zuwa gobe.” Uwar miji tana nan, ta haifi tara ta raya shida, ta ce a dafa masa tsime, a yi masa turare, a karɓo rubutu wajen malam. Ba mugunta take yi ba, da abin da ta sani take taimako. Amma wace matar ɗa ce za ta dubi surukarta ta ce, “Inna, ban yarda da maganinki ba, na tafi likita”? In kuwa ɗan fari ne, sai abin ya ƙara ɗaurewa. Mu muka koya wa yarinya cewa kunya ce ta nuna damuwa da ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta rawar jiki a kansa a gaban manya. Shekara biyu muna yaba mata da kawaici, rana ɗaya mu juyo mu ce me ya hana ta ɗaga murya.

Rana ta uku, galibi da dare, yaro ya fara jijjiga, idanu suka kafe. Maƙwabtanmu Mosawa suna kiran wannan ciwon tsuntsu, mu kuma mukan ce iska ce ta taɓa shi, kuma duk wanda ya ɗauka haka zai fara neman mai addu'a ko mai magani kafin ya nemi allura. Sai an ga abin ya ƙi sannan a buga ƙofar mai babur. Ga shi kuma lokacin da zazzaɓin ya fi yawa, daga Agusta zuwa Oktoba, shi ne lokacin da ruwa ke yanke lunguna, rumbu ya yi ƙasa, hannu ya bushe.

Wata damina, cikin irin wannan dare, wata tsohuwa ta buga mini ƙofa. “Malam, don Allah ka fito, jikana ne.” Na goya uwar yaron da yaron, muka yi ta kewaye kwazazzabai har muka isa wani ɗakin shan magani. Ma'aikacin da muka tarar ya buɗe idon yaron ya ga fari fat, ya ɗago ya yi mata tambayar nan da tsawa. Ta yi shiru. Ya ce tun yaushe? Ta ce, “Jiya da yamma ya fara.” Na san kwana huɗu ne, don mai ɗakina ta faɗa mini tun ranar farko. Ya ce me kika ba shi? Ta ce ba komai. Aka tura mu babban asibiti, aka sa wa yaron jini, Allah ya yi da sauran kwanansa, yanzu haka yana makaranta. Abin da ya tsaya mini a rai daga daren nan shi ne ƙaryar da ta yi. Mace ce mai gaskiya, ban taɓa jin an kama ta da ƙarya a unguwa ba. Tsawar ce ta sa ta ɓoye abu biyun da mai magani ya fi buƙatar sani, wato kwana nawa da kuma me aka riga aka ɗura wa yaro. Zargin da aka yi don a gyara ta, sai ga shi ya koma yana cutar da wanda ke kwance.

Akwai masu cewa duk wannan kame-kame ne, jahilci ne kawai ke hana mata zuwa, a wayar musu da kai a huta. Tarihin ƙasar nan ya riga ya gwada wannan magana. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya sa marar lafiya ya riƙa biyan wani abu don ɗakunan shan magani su samu abin juya magani. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Shekaru aka yi ana rubuta cewa matan Sahel ba su yarda da asibiti ba, al'ada ta hana su. Sai a 2008 wata ƙungiyar Jamusawa mai suna HELP, tare da hukumomin lafiya, ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a gundumomin Dori da Sebba. Nan take ɗakunan shan magani suka cika, masu bincike irin su Valéry Ridde suka bi lissafin suka tabbatar da hauhawar. Matan nan ba su shiga makaranta cikin dare ɗaya ba, al'adarsu ma tana nan yadda take. Kuɗi aka cire daga tsakani. A 2016 gwamnatin Roch Marc Christian Kaboré ta mayar da abin na ƙasa baki ɗaya, ga yara ƙanana da mata masu ciki, kamar yadda Nijar ta yi tun 2006. Tun kafin wannan ma, a ƙarshen 1984, lokacin rigakafin gaggawa na zamanin Thomas Sankara, cikin makonni biyu iyaye mata suka fito da yara wajen miliyan 2 aka yi musu allurar ƙyanda da sanƙarau da shawara. Duk lokacin da aka kawo abin kusa kuma aka cire kuɗi, matan da ake kira jahilai su ne kan gaba a layi.

Kada a ce na yi wa shirin kyauta kirari fiye da kima. Sau da yawa gwamnati kan yi jinkirin biyan ɗakunan shan magani, su kuma su kasa biyan CAMEG mai rarraba magunguna, sai kanta ta bushe, a miƙa wa uwa takarda a ce ta je farmasi ta saya. Man babur ba kyauta ba ne. Yinin da mai tuyar ƙosai ta yi a layi, yinin da gidanta bai ci riba ba ne. Kuma yaron da ya cika shekara biyar da wata ɗaya, sauro bai san ya fita daga lissafi ba. Uwar da ta taɓa zuwa da hannu wofi saboda an ce kyauta ne, aka ba ta takardar jika huɗu ta dawo gida da ita a ninke, karo na gaba sai ta tabbatar da kuɗi a hannu kafin ta fita. Wannan ma jinkiri ne, amma wa ya koya mata shi?

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, da suke nazarin mutuwar mata wajen haihuwa, suka kasa jinkiri gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa wurin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Rabon ya dace da ciwon yara ma. Na biyu aikin mai gina hanya ne, na uku aikin hukuma ne da ma'aikatanta, na farko kuma, kamar yadda muka gani, ya ratsa ta hannun miji da suruka da aljihu. Amma a cikin duk waɗannan mutane, mutum ɗaya ce ke shiga ɗakin gwaji da yaro a kafaɗa, don haka ita kaɗai ake gani, ita kaɗai ake tambaya. Ban taɓa jin an aika gida an kira uban yaro an ce masa me ya sa ka ce a bari sai gobe ba.

A nan ne nake ganin kuskuren namu na ɗabi'a yake. Malaman usulu sun daɗe da kafa cewa ba a ɗora wa mutum abin da ba shi da ikon yi, Kant na Jamus ma daga baya ya biyo ta wata hanya ya iso nan. In haka ne, alhaki ya kamata a auna shi da iko. Wanda kuɗi ke aljihunsa, mabuɗin babur ke hannunsa, izini ke bakinsa, nasa kason ya fi na wadda ba ta da komai sai baya da zanen goyo. Shari'ar da muke bi ma a kan uba ta ɗora ɗawainiyar ɗa. Mu kuwa mun juya ma'aunin: muna auna laifi da kusanci, duk wanda ya fi kusa da yaro shi ya fi laifi. Sakamakon haka shi ne wadda ta kwana uku ba barci tana jiƙa tsumma tana shafa masa, ita ke ɗaukar abin da wanda ya yi barcinsa ya bari.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan wuyar haɗiya. Ɗauki mata biyu a layi ɗaya, kowace ɗanta ya yi zazzaɓi, kowace ta ba da ƙwaya ta jira kwana uku. Na ɗaya ya warke, sai a ce ai wance ta iya riƙon gida, ba ta ɗaga wa mijinta hankali a kan ƙaramin abu. Na biyu ya rasu, sai a ce sakaci. Aikinsu ɗaya, niyyarsu ɗaya, iliminsu ɗaya. Abin da ya raba su yana cikin jinin yaran, inda babu wadda ta iya leƙawa. Bernard Williams da Thomas Nagel sun yi muhawara a kan irin wannan a 1976, yadda sa'a ke shiga cikin hukuncin da muke yi wa mutane. Mu ba ma buƙatar littafi, mun gani a gidajen makoki. In za mu zargi ta biyu, adalci ya tilasta mana zargin ta farko, kuma da bakinmu muka yabe ta.

Gidan makokin ma abin dubawa ne. A ƙofar gida, kan tabarmi, ana ce wa uba sai haƙuri, kwana ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Gaskiya ne, kuma ta'aziyya ce mai kyau. Amma a shiga cikin gida a kasa kunne, can ƙasa-ƙasa za a ji ana cewa ai tun ranar Talata aka ga yaron ba daidai ba, ita dai ba ta da kula. Ƙaddara a waje wurin maza, bincike a ciki wurin mata. In ƙaddara ce, ta lulluɓe su duka biyu. In kuma za a buɗe littafin sababi, to a buɗe shi tun daga shafin farko.

Wani zai ce, to kai yanzu ka wanke mata tas, ka mayar da su kamar ba su da hankalin kansu. Wannan suka ce mai nauyi, kuma ban yarda a raina mace da sunan tausayi ba. Sakaci yana nan. Tun 2014 ake bi gida-gida da damina ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓi, ma'aikaci ya ba da na ranar farko da hannunsa, ya bar wa uwa na kwana biyu. Na sha ganin ƙwayoyin nan a gwangwani bayan wata guda. Wannan babu izinin miji a ciki, babu kuɗi, babu kwazazzabo. Gidan sauro da aka raba aka mayar da shi shingen lambu, yaron da ya daina kama nono ko yake amayar da komai aka bar wa ƙanwa aka tafi biki, duk waɗannan suna cikin ikon uwa, kuma a kansu a yi mata magana ba sassauci. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa mata nata da na kowa a ɗaura mata a ka. Shi ma ma'aikacin da ya yi tsawa ban ɗauke shi azzalumi ba. Mutumin da ya duba yara tun safe, ya san da an kawo wannan shekaranjiya ƙwayar kwana uku ta ishe shi, yanzu kuwa sai jini, jinin da cibiyar ƙasa ke roƙon a ba da duk damina saboda ƙaranci, dole zuciyarsa ta tafasa. Sai dai “tun yaushe ya fara?” tambayar magani ce, “me ya sa ba ki kawo shi ba?” kuwa tambayar alƙali ce, kuma alƙalin da zai yi ta ya kamata ya tara duk masu hannu a gabansa.

Ilimin magani yana ta gaba. A Nanoro, nan ƙasarmu, Halidou Tinto da abokan aikinsa suka gwada allurar rigakafin R21, kuma a Fabrairun 2024 aka fara sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara. Amma allurar nan zuwa huɗu take buƙata, kuma kowane zuwa sai ya bi ta ƙofar da muka yi magana a kanta, ta izini da kuɗin mai.

Shi ya sa a majalisarmu ta bayan la'asar na taɓa kawo shawarar da ba ta buƙatar minista. Na ce kowane magidanci ya ba iyalinsa izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa, cewa in yaro ya yi zafi a tafi ba sai an neme shi ba, ya kuma ajiye jika biyu a wani wuri da ba a taɓawa sai don wannan. Mutum uku suka ce sun ɗauka. Wasu suka ce jika biyun ce matsala, kuma na san gaskiya suka faɗa. Amma wanda amsarsa ta fi tsaya mini shi ne wani dattijo mai sayar da goro, mutumin kirki, wanda ya binne 'ya'ya biyu. Ya ce, “Malam, kuɗin ba komai ba ne, gobe ma sai in ajiye. Amma in mace ta saba fita ba ta tambaye ni ba, yau likita ne, gobe ina?” Na ce masa, “Alhaji, in ta tambaya ba ka nan fa?” Ya ce ai yana da waya. Na ce ranar da ka tafi Pouytenga saro kaya, sau nawa aka kira ba a same ka ba? Ya yi dariya ya ce in bar zancen.

Kuɗin dai ya ajiye, mai ɗakina ta ji daga bakin amaryarsa. Suna cikin wata jaka a rataye a ɗakinsa, ɗakin da yake kullewa in zai fita kasuwa.